Hattara da Alƙaluman da Ba a San Wa Aka Tambaya Ba

"Bincike ya nuna." Da wannan jimla ake buɗe labari a rediyo, da ita ake rufe gardama a majalisa, ita ce ke yawo a wayoyinmu dare da rana. Bincike ya nuna kashi kaza na jama'a suna bayan wane. Bincike ya nuna matasa sun guji noma. Ana faɗa, ana turawa, ana kafa hujja. Da wuya a sami mai cewa: su wa aka tambaya, kuma wa ya zaɓo su? Wannan gargaɗi na ɗalibi ne mai rubuta furojet, da malamin da zai sa masa hannu. Na ɗan jarida ne, da jami'in lafiya, da mai tsara kasafi, da duk wanda yatsansa ke kan maɓallin turawa. Kada kowa ya ce daga yau ya daina yarda da ƙididdiga. Ba a raba allurar rigakafi da ƙiyasin baka. Amma lissafi yana iya fita daidai, amsar ta zama ƙarya tsagwaronta, matuƙar mutanen da aka tambaya ba su wakilci waɗanda ake magana a kansu ba.

Da wuya a iya tambayar mutum miliyan goma. Sai a ɗebi kaɗan, a ji ta bakinsu, a yi hukunci a kan sauran. Wannan kaɗan ɗin shi ne samfur. Mai sayen hatsi a Dawanau ya san dokar tun kafin a rubuta ta a littafi. Ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, don nan ake zuba mai kyau. Sai ya soki buhun ta gefe, ta tsakiya, ta ƙasa. Masana ƙididdiga sun ƙara sharaɗi ɗaya a kan nasa: ko kai mai binciken kada ka zaɓa da hannunka. A ba kowa lamba. A jefa ƙuri'a. Wanda ta faɗa kansa, shi za a je a nema, ko da gidansa yana bayan rafi. Kowa ya kasance yana da damar shiga, kuma a san girman damar. Dukkan lissafin da ake koyarwa a darasin ƙididdiga na shekarar farko a kan wannan sharaɗi ya tsaya. Da zarar an cire shi, lissafin ya zama ado.

Babban abin da ke ruɗar mutane shi ne yawa. A shekarar 1936, a Amurka, mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10 kafin zaɓen shugaban ƙasa. Kimanin miliyan 2.4 suka dawo. Mujallar ba baƙuwa ba ce a wannan aiki, ta faɗi wanda zai ci a zaɓukan baya kuma aka ga haka. Sai ta sanar cewa Alf Landon zai samu kashi 57 cikin ɗari, ya kayar da Franklin Roosevelt. Aka yi zaɓe. Roosevelt ya kwashe kusan kashi 61. Cikin jihohi 48 na lokacin ya ci 46. Landon ya tsira da Maine da Vermont kaɗai. A wannan zaɓen, George Gallup ya tambayi mutum kimanin 50,000, ya kuma faɗi cewa Roosevelt ne zai ci. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a nan yawa bai tsinana komai ba. Zuwa 1938 mujallar ta rufe.

Ina aka yi ɓatan kai? Daga jerin sunayen. Mujallar ta kwaso su daga littattafan lambobin tarho, da rajistar masu mota, da jerin masu sayen ta. Ana tsakiyar karayar tattalin arziki. Mai tarho da mota a wannan zamani yawanci mai hali ne. Talakan da ya rasa aiki, wanda ya ɗora fatansa a kan Roosevelt, sunansa bai cika fitowa a waɗannan littattafai ba. Wanda ba ya cikin jeri ba ya shiga samfur, ko da an aika takarda miliyan ɗari. Mu duba namu halin. Binciken da aka yi ta waya ya bar wanda ba shi da waya. Ya bar ƙauyen da ba sabis. Ya bar matar da wayar gidan ke aljihun mijinta. Wanda aka yi ta intanet ya ƙara da barin wanda ba shi da kuɗin data da wanda ba ya karatun boko. Aka tattara amsar waɗanda suka rage, aka rubuta a kai: ra'ayin jama'a.

Akwai rami na biyu a cikin labarin nan, kuma nazarin da aka yi daga baya ya nuna shi ma mai zurfi ne. Cikin kowace takarda huɗu da mujallar ta aika, uku ba su dawo ba. Waɗanda suka mayar da amsa ba irin waɗanda suka yi shiru ba ne. Masu jin haushin Roosevelt sun fi zafin nama wajen cikewa da aikawa. Haka abin yake har gobe. Mai fushi yana amsawa. Mai lokaci yana amsawa. Wanda ya fita nema tun asuba ba a same shi a gida ba. Mai jin tsoron baƙo ya rufe ƙofa. Marar lafiya yana kwance. Rahoton da ya ce "mun tambayi mutum 2,000" bai faɗi komai ba sai ya faɗi mutum nawa aka nema kafin a sami waɗannan. Idan 10,000 aka nema, to ra'ayin 8,000 yana cikin duhu, kuma ba wani lissafi da zai zaro shi daga bakin waɗanda suka amsa.

Mafi muni shi ne inda mutane ke kawo kansu da kansu. A tsakiyar shekarun 1970 wata marubuciyar shafin ba da shawara a jaridun Amurka, Ann Landers, ta tambayi masu karatunta: da za a sake rayuwa, za ku haihu? Sama da mutum 10,000 suka rubuto. Kimanin kashi 70 cikin ɗari suka ce a'a. Labari ya bazu cewa iyaye sun yi da-na-sanin haihuwa. Sai jaridar Newsday ta sa aka yi binciken da aka zaɓi mutane ta ƙuri'a. Kashi 91 suka ce za su haihu. Iyayen da 'ya'ya suka ƙona wa rai su ne suka ɗauki alƙalami. Sauran suna can suna hidimar gidajensu. Wannan ita ce siffar shirin rediyo na buɗe layi. Ita ce siffar ƙuri'ar Facebook da ta rukunin WhatsApp. Waɗannan dandali ne na jin ƙorafi, kuma suna da amfaninsu. Amma kada a ƙirga kiran waya goma sha biyar a ce an auna gari. Ɗan siyasa mai yara ashirin da katin waya zai iya cinye irin wannan ƙuri'a kafin a idar da shirin.

Kada a zaci kwamfuta ta magance matsalar. A 2021, lokacin rigakafin korona a Amurka, wani bincike da jami'ar Carnegie Mellon ta gudanar ta kan Facebook yana samun amsa kimanin 250,000 a kowane mako. Zuwa watan Mayu ya zarce ainihin adadin waɗanda suka karɓi allurar farko da maki 17 cikin ɗari. Wani ƙaramin bincike na Axios da Ipsos, mai mutum kimanin 1,000 da aka zaɓo ta hanyar ƙuri'a, shi ya kusanci gaskiya. Masanan da suka buga nazarin a mujallar Nature a ƙarshen shekarar sun lissafta cewa waɗancan amsoshi 250,000 ba su fi ƙarfin amsar mutum goma da aka zaɓa da ƙuri'a ba. Mutum goma. A yi tunanin jami'in da ya yarda da babban adadin, ya sassauta gangami, yana ganin aiki ya kusa ƙarewa. Yawan amsa ba ya rage karkata. Yana dai ƙara wa mai binciken ƙarfin zuciya a kan kuskurensa.

Sai hannun mai tambaya. Gallup ɗin da ya yi nasara a 1936 shi ma ya sha ƙasa a zaɓen 1948. Hanyarsa ita ce a ba ma'aikaci adadi: nemo maza kaza, mata kaza, tsofaffi kaza. Wane namiji, wace mace, wannan ya rage ga ma'aikacin. Shi kuwa ɗan Adam ne. Yana bin unguwa mai tsabta, yana tsayar da mai fara'a, yana kauce wa lungu. Gallup da takwarorinsa Roper da Crossley duk suka ce Thomas Dewey zai kayar da Harry Truman, suka kuma daina tambaya tun da sauran lokaci. Jaridar Chicago Daily Tribune har ta buga a shafinta na farko cewa Dewey ya kayar da Truman. Harry Truman ne ya ci. Ma'aikacinmu na yau da aka ba takarda 50 da kuɗin mota kaɗan, ina zai nufa? Bakin titi. Gidan mai unguwa. Majalisar da ke gindin bishiya. Idan ya ce wa mai unguwa "a haɗa ni da mutum goma", to mai unguwa ne ya zana samfurin, da mutanen da ya san ba za su ba shi kunya ba.

Ita kanta ƙuri'ar sai an kula. Ranar 1 ga Disamba 1969 gwamnatin Amurka ta jefa ƙuri'a don tsara waɗanda za a fara kira aikin soja lokacin yaƙin Biyetnam. An rubuta ranakun haihuwa 366, aka sa kowace a ƙwanso. An zuba su wata bayan wata, Janairu a farko, Disamba a ƙarshe, ba a kuma gauraya su da kyau ba. Sakamakon ya karkata. Waɗanda aka haifa a watannin ƙarshen shekara sun fi samun ƙananan lambobi, wato su ne a gaban layi. A idon jama'a aka yi abin, da niyyar adalci, amma rashin gaurayawa ya taɓa rayuwar samari. Darasin ga ɗalibi a fili yake. Tsayawa a ƙofar laburare kana miƙa wa duk wanda ya wuce takarda ba ƙuri'a ba ne. Rufe ido ka nuna suna ba ƙuri'a ba ne. A lamba kowa, a bar jadawalin lambobi ko kwamfuta ta fitar.

Wasu sukan ɗauki kowane na goma ko na ashirin daga jeri. Hanya ce mai kyau idan an fara daga lambar da ƙuri'a ta bayar. Tarkonta yana cikin jerin da ke maimaita kansa. Ɗauki kowace rana ta bakwai daga rajistar asibitin ƙauye, ka ga duk ranakunka sun faɗa rana guda ta mako. In ranar kasuwa ce, za ka rubuta cewa asibitin ba ya rabo da cunkoso.

A manyan makarantunmu akwai wata al'ada da ta kamata a taka mata birki yanzu. Ɗalibi ya buɗe babi na uku na furojet. Ya kawo tsarin lissafin Taro Yamane, ya zuba adadin jama'a, ya sami lamba kusa da 400, don da wannan lissafin kusan kullum can ake sauka idan jama'ar na da yawa. Ya rubuta cewa ya zaɓi mutanensa ta hanyar ƙuri'a. Sannan ya raba takardun ga 'yan ɗakinsu, da 'yan ajinsu, da 'yan uwan da ke rukunin gida. Wani ma ya zauna ya cike saura da biro kala biyu. Lissafin Yamane yana faɗin mutum nawa ne. Ba ya faɗin su wane ne, kuma an gina shi a kan cewa ƙuri'a ce za ta zaɓo su. Malami ya duba, ya ga 400, ya sa hannu. Wannan ɗalibin gobe shi ne jami'in tsare-tsare a ma'aikata. Shi zai karɓi kwangilar tantance mabuƙata. Abin da aka bar shi ya saba da shi a kan digiri, shi zai yi a kan abincin 'yan gudun hijira. Gara ɗalibi ya rubuta gaskiya: na tambayi waɗanda na iya samu, don haka sakamakona bai wuce su ba. Wannan ya cancanci maki. Ƙaryar ƙuri'a ba ta cancanta ba.

Ko manyan binciken ƙasa suna tafiya a kan ƙasa mai santsi. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. An shirya wata a 2023, aka ɗage. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya zaɓo yankunansa daga taswirar ƙidayar 2006, sannan ma'aikata suka sake rubuta gidajen da ke cikin kowane yanki kafin a jefa ƙuri'a. Aiki ne na ƙwararru, kuma sun faɗa a rahotonsu cewa akwai ƙananan hukumomin Borno da ba a shiga ba saboda rashin tsaro. Sun yi gaskiya. Matsalar ita ce wannan bayani yana tsayawa a cikin rahoto, lambar kuma ta fita yawo ita kaɗai. Inda ma'aikaci ba ya iya zuwa, nan ne yunwa da cuta suka fi tsanani. Cire wurin daga lissafi yana ƙawata alƙaluman jiha. Haka makiyayin da ya tashi da garkensa, da almajirin da ba ya cikin jerin kowane gida, da unguwar da ta tsiro a bayan gari bayan an zana taswira. Idan ba a yi musu tanadi na musamman ba, ba su wanzu a takarda. Wanda bai wanzu a takarda ba, ba a ware masa magani.

Asibiti ma ba gari ba ne. Shekaru da dama an riƙa ƙiyasta yawan masu ɗauke da ƙwayar HIV daga gwajin mata masu zuwa awon ciki a wasu zaɓaɓɓun asibitoci. A Indiya adadin ya kai mutum miliyan 5.7. Da aka bi gida-gida da samfurin ƙuri'a, sai aka sauke shi zuwa kimanin miliyan 2.5 a 2007. A Najeriya, binciken gida-gida na 2018 ya sami kashi 1.4 cikin ɗari tsakanin masu shekara 15 zuwa 49, alhali ƙiyasin baya ya ce 2.8. Da waɗancan tsofaffin lambobi aka yi ta tsara kuɗi da ma'aikata. Kuskuren kan iya juyawa ta ɗaya ɓangaren. A inda mata da yawa ke haihuwa a gida, rajistar asibiti ba ta ga wadda ta rasu a ɗaki ba.

A ce samfurin ya yi kyau, kowa an same shi. Saura bakin mai tambaya da kunnen mai amsa. Tambaya takan ja amsa da hanci. A Amurka an daɗe ana ganin cewa mutane sun fi yarda a ƙara kuɗi idan an ce "taimakon talakawa" fiye da idan an kira shirin da sunan da ake yi wa kallon cima-zaune. A nan kuwa takardar da turanci take zuwa, kowane ma'aikaci ya fassara yadda ya ga dama a bakin ƙofa. Ma'aikata ashirin, tambaya ashirin. Namiji ya je gidan da aka rubuta "ba shiga", sai maigida ya amsa a madadin matan. Ko a tambayi mace game da tazarar haihuwa ga surukarta zaune. Wanda ya ga baƙo da jaka da rigar ƙungiya, ya zaci rabon tallafi ne, zai rage buhunan da ya noma. Wanda ya zaci haraji ne zai rage ninki biyu. Aka tambayi shekaru, amsa ta taru a 30, 35, 40. Ba ƙarya mutane ke son yi ba. Kunya ce, da tsoro, da ladabi ga baƙo. Amma takarda ba ta rarrabe su da gaskiya.

A kula da ƙaramin rubutun nan da ake maƙalawa a ƙasan rahoto, wai tazarar kuskure maki uku ce sama ko ƙasa. Lissafinsa gaskiya ne. Samfurin ƙuri'a na mutum 1,000 yana ba da kusan maki uku, na 400 kusan maki biyar, kuma sai an ninka mutane sau huɗu kafin tazarar ta ragu da rabi. Sai dai abu ɗaya kawai take aunawa: sa'ar ƙuri'a. Ba ta san wanda aka bari a waje ba. Ba ta san wanda ya ƙi amsawa ba. Da an yi wa amsoshin Literary Digest wannan lissafi, tazarar ba za ta kai kashi ɗaya cikin goma na maki guda ba. Kuskuren da suka tafka kuwa ya kusan maki 20. Duk wanda ya manna tazarar kuskure a kan ƙuri'ar intanet, ko bai fahimci abin ba, ko yana son ku ɗauka ya yi abin da bai yi ba.

Lambar ƙarya in ta fita ba ta dawowa. Jarida ta buga, ɗalibi ya kwafa daga jarida, rahoton ƙungiya ya kwafa daga ɗalibi, ɗan majalisa ya karanto ta daga rahoton. Bayan shekara uku ba mai tuna inda ta fito. Da ita za a gina rijiya inda akwai ruwa, a tsallake inda babu. Da ita za a rufe shirin da ke aiki. A lokacin zaɓe abin ya fi haɗari. An gaya wa magoya baya wata da watanni cewa ɗan takararsu ya yi nisa. Sakamako ya zo akasin haka. Wanda bai san yadda aka haɗa waccan lamba ba, me zai ce in ba maguɗi ba? Daga nan zuwa ƙone-ƙone ba nisa. Sannan akwai asarar da ta fi daɗewa: jama'ar da aka yaudara sau biyu za su rufe ƙofa ga ma'aikacin gaskiya idan ya zo, sai nasa binciken ma ya lalace.

Editan da aka kawo wa rahoto ya tambayi wanda ya biya kuɗin aikin. Ya nemi a nuna masa jerin da aka zaɓo mutane daga ciki, da yadda aka jefa ƙuri'ar, da yawan waɗanda aka nema ba a samu ba, da wuraren da ba a taka ba. Ya karanta tambayar kamar yadda aka furta ta da Hausa. Malami ya nemi irin wannan daga ɗalibinsa tun kafin ya fita da takardu, kada ya bari sai ranar kare furojet. Mai ba da kwangilar bincike ya sa kuɗin komawa gidan da ba a sami kowa ba sau biyu ko uku, da kuɗin ma'aikata mata, da fassara guda da kowa zai yi aiki da ita. Rahoton da ya zo babu waɗannan bayanai a mayar wa mai shi, a ajiye lambarsa har ya kawo su, ko da gobe ne zaɓe, ko da kasafi na jiran sa hannu.